Daren da Ba a Jifa

Shekara tara Malam Sadi yana ɗaure madubin hangen taurari a bayan babur, yana zaga makarantun Mafara da Bakura da Maradun don ya nuna wa mutane sama. Ladan da ya samu shi ne suna: ɗan duba. Mata kan tare shi a kasuwa su ce ya duba musu tauraron aure.

Ran nan wata makaranta a Maradun ta gayyace shi. Ya tarar da ƙofa a garƙame, shugaban ya manta ya tafi biki. Ya juyo yana ƙunƙuni shi kaɗai, magariba ta riske shi a tsakiyar gonakin shinkafa.

Ya tsaya bakin magudanar ruwa ya yi salla. Da ya sallame ya ɗaga kai, sai ga sama wasai, Zara na ƙyalli kusa da jinjirin wata. Haushi ya sake turnuƙe shi. Ya ce, "In ba mai kallo, ni in kalla." Ya kwance madubin ya kafa.

Kwaɗi suka yi tsit gaba ɗaya.

"Malam, a ba mu mu gani."

Ya waiwaya. Mutane ne sun kai ashirin, sun jeru a kan kunya, kowa lulluɓe da mayafi. Bai ji takunsu ba. Ya zaci 'yan bindiga ne, amma ba mai ko sanda. Sai daɗi ya kama shi. Shekara tara bai taɓa samun layi ba.

Wani tsoho ya matso. Ƙauri ya biyo shi, irin na gashin da ya taɓa wuta. Bai ko kalli madubin ba.

"Mun ji an ce kai ka san ranakkun da taurari ka zuba," in ji tsohon, murya ƙasa-ƙasa.

"Ƙwarai kuwa, baba!" Sadi ya gyara tsayuwa. Ya shiga bayani, tsakiyar Agusta, tsakiyar Disamba, yana lissafawa da yatsu. Layin ya matso. Ba mai tari, ba mai numfashi.

Tsohon ya katse shi. "To wane dare na ba a jifa?"

"Jifa?"

Mayafin ya zame. Rabin fuskar tsohon a ƙone yake, baƙi ƙirin, yana hayaƙi a hankali.

Nan Sadi ya tuna karatun allo. Aljanu masu hawa sama satar ji. Waɗanda ake jifa da wuta.

Wani tauraro ya tsinke ta gabas.

Duka layin suka zube ƙasa. Daga can sama wani ihu ya sauko, siriri, ya yi tsawo, ya yanke.

Wata mace ta raɗa, "Ɗana ne."

Tsohon ya cafke wuyan hannun Sadi. Zafi kamar bakin tanderu.

"Faɗa muna daren. Mun ƙare."

Sadi ya laluba Ayatul Kursiyyu, ta ƙi zuwa. Ya sake. Kalmar farko ta fito da ƙyar, ta biyu ta biyo ta.

Yatsun suka saki.

Ya faɗa kan babur. Bugu ɗaya, shiru. Bugu biyu, shiru. Ƙaurin na bayan wuyansa.

A na uku babur ɗin ya tashi.

Bai waiwaya ba sai da ya ga fitilun masu shayi a Mafara.

Da safe shi da wansa Ayuba suka koma. Madubin na nan tsaye, gilashinsa ya narke. A hannun Sadi kuwa shatin yatsu huɗu ne, har yau bai goge ba.

Ayuba bai iya riƙe baki ba, labari ya zaga gari. Yanzu makarantu rububin Malam Sadi suke yi, aji ya cika har taga. Sai dai da ya fara zana wata a allo, wani zai ce, "Malam, bar wannan, ba mu na aljanun." Yakan haɗiye takaici ya ci gaba da zanensa.

In kuwa wani ya tambayi ranar zubar taurari, Sadi ba ya amsawa nan take. Sai ya matsa kusa da mai tambayar, ya shaƙi iska tukuna.