Ɗigon da Babu Sukari

Ranar da Wiebe ya fara shiga ɗakin binciken da Fenna ke aiki a birnin Groningen, ruwa ake tsugawa, rigarsa jiƙe sharkaf, kwalbar sinadarin furotin da yake bincike a kansa kuwa a rungume cikin ƙanƙara kamar jariri.

Aikin Fenna ɗiga sukari iri-iri a kan ɗan gilashi. A zuba furotin, a wanke, duk ɗigon da ya kama sai ya haska kore a na'ura. Sau uku take wankewa, ba ragi.

"Sarauniyar wanki, gilashin zai ƙoƙe fa!" in ji Wiebe.

"Kai dai ƙazami ne," ta ce tana dariya.

Kafin hunturu ya fita, keke ɗaya suke hawa zuwa cin soyayyen kifi.

Shekara huɗu Wiebe ya yi yana rubuta kundin digirinsa a kan cewa furotin ɗin yana kama wani sukari na hanjin jarirai. Saura wata biyu ya kare aikin gaban malamai, Fenna ta duba tsofaffin hotunan gwajinsa. Ɗigon da ake bari babu sukari don tantancewa, shi ma kore ne. Ashe ba sukari furotin ɗin yake kamawa ba, gilashin yake manne wa. Sau ɗaya kawai Wiebe yake wanki.

Daan, abokin aikinta da ya daɗe yana sonta, ya ɗaga kafaɗa. "Na gani tun bara. Ki yi shiru mana, ina ruwanki?"

Kwana uku ba ta iya cin abinci ba. A rana ta huɗu ta nuna wa Wiebe.

"Shekara huɗu, Fenna," ya ce. Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Mahaifiyarsa Hilda ta kira ta. "Yarinya, na riga na gayyaci dangi bikin digiri. Wannan ce soyayyar? Ki fita harkar ɗana."

Wata biyar shiru. Wallahi Fenna ta rame har abin tausayi. Sai ga saƙo daga Wiebe:

"Sarauniyar wanki, na sake gwajin da kaina, wanki uku. Ko ɗigo ɗaya bai haska ba. Na janye aikin. Mutum shida suka ga hoton nan, ke kaɗai kika damu da ni har kika faɗa. Za ki aure ni, ba digiri?"

Ta amsa tana hawaye: "Zan aure ka, ƙazamina."

A ofishin magajin gari aka ɗaura auren, mutum tara, ruwa na dukan taga. Hilda ta zo da baƙar rigar da ta ɗinka don bikin digirin. Ta kalli amarya, ta kama hannunta.

"Har yanzu ina jin haushinki," ta ce. "Amma ki riƙe min shi. Allah ya zaunar da ku lafiya."

Ran Litinin Wiebe ya koma ɗakin bincike ya faro daga farko, matarsa na tsaye a kansa tana ƙirga wanki.