Wayar Da Ta Yi Ƙara A Aljihun Namadi

Kausar ta ƙura wa wayarta ido, ta sake karanta sunan da ya fito.

Namadi ne ya zo zance da la'asar, ya baje a tabarmar zaure yana fankama, ya ce ta tura masa waƙa. Ta kunna bulutut ba don ranta na so ba, wayar ta shiga lalubo na kusa. Sunaye biyu suka fito. Na farko na Namadi ne. Na biyun kuwa...

"Angon Kausar."

Ita da hannunta ta rubuta sunan nan a wayar Mutawakkil, ɗan kabukabun, mai haya da babur, da take so kamar ranta. Tun ranar da ya bar Bagudo da fasinja zuwa Segbana, cikin Benin, ba a sake ganinsa ba, sai saƙo ɗaya daga layinsa: ta manta da shi, ya yi aure can. Ta yi kuka har ta rame. Yayanta Ma'azu, da dama bai ƙaunar ɗan kabukabu, ya turo mata abokinsa Namadi.

To amma bulutut ba ya ƙetare iyaka, ko katangar maƙwabta da ƙyar yake wucewa. Wayar nan tana cikin zauren nan!

"Mi ya faru, gimbiya? Ban ga waƙar ba."

Ta danna suna na biyu, ta tura waƙar.

Ɗit! Ɗit!

Daga aljihun Namadi ƙarar ta fito, ga tasa wayar kuma a hannunsa.

"Innalillahi... Kashe shi ka yi?" Ta miƙe zumbur. "Yaya! Yaya Ma'azu!!"

Ma'azu ya shigo a guje. Da ya ji bayani sai ya cakumi wuyan rigar abokin nasa, ya zaro wayar.

"Wallahi da rai na baro shi!" Namadi na zufa. "Faɗuwa ya yi bayan garin Tsamiya, ƙafa ta karye. Yana wurin wani maɗori a ƙetare, babu sabis can. Da na bi ta can shi ya ba ni wayar, ya ce in sanar da gida."

Ashe Namadi ne ya tura mata saƙon ƙaryar nan, ya cire layin ya jefar, sai dai kwaɗayi ya hana shi rabuwa da wayar.

Da safe Ma'azu da kansa ya kai ta wurin maɗorin. Duk hanya addu'a take yi, tana tsoron kabari za a nuna mata.

A rumfar maɗorin suka sami Mutawakkil, ya bushe, ƙafar ɗaure da kara.

"Na aika, ba ki zo ba," ya ce a hankali. "Na ce to, gurgu ne ba ta so."

"Haba masoyina..." Kuka ya ci ƙarfinta.

Ma'azu ya daɗe tsaye, kunya ta hana shi ɗaga kai. Can ya durƙusa ya juya masa baya.

"Hau in kai ka mota. Kana isa gida ka turo magabatanka, ba sai ka warke ba."