Ɓangaren Da Ta Goge

Kafin la'asar ɗin ranar nan za ta yi kuskuren da zai kusa raba ta da mutumin da za ta aura, kuma da yatsanta ɗaya za ta yi shi.

Tun safe take zaune a shagon mahaifinta, bayanta ya ƙage, idanunta suna yaji. Baba yana gyaran rediyo a bakin ƙofa, ita kuma tana can ciki a teburin gyaran kwamfuta, shi ya sa 'yan layin suke ce mata Injiniya.

Saura wata ɗaya a ɗaura aurenta da malamin lissafi na makarantar bayan kasuwa. Matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce, ta bar masa 'ya ɗaya. Sai ga Auta, ƙanwar marigayiyar, ta shigo rungume da kwamfutarsa. Kowa ya san ita ta so ta maye gurbin yayarta.

"Sannu da aiki, amaryarmu," ta ce tana murmushin yaƙe. "Yaya Malam ne ya aiko ni. Wai ta cika, ko sakamakon jarrabawa ba ta karɓa. Ya ce ki haɗe masa ɓangarorin nan biyu."

Injiniya ta kunna ta duba. An raba ma'ajiyar kwamfutar gida biyu, kamar ɗakin da aka gina bango a tsakiyarsa. Ɓangaren C ya cika har ya yi ja, ɓangaren D kuwa yana da fili. Yadda ta saba yi shi ne ta goge D, sannan ta miƙa filinsa ga C.

"Akwai kaya a D fa."

"Ya kwashe tun jiya. Tarkace ne kawai."

Ta kira wayarsa, a kashe. Yana aji.

Folda ɗaya ce a cikin D, an rubuta mata suna: Mu Uku.

Ta daɗe tana kallon sunan. Ta gaji. Ta gaji da hoton da ke rataye a falonsa, ta gaji da jin "marigayiya ba haka take yi ba" daga bakin danginsa. Ma'ajiyar da take kwafar kayan mutane a ciki tana cikin durowa, kusa da gwiwarta. Kwafar foldar aikin awa ɗaya ne.

Ba ta buɗe durowar ba.

Ta danna, ta goge D.

Washegari da safe malamin ya shigo shagon ko sallama bai yi ba. Bai taɓa haka ba.

"Ina foldar?"

"Malam..."

"Ina foldar da ke cikin D?"

"Auta ta ce ka kwashe..."

"Na kwashe in kai ina?" ya ce. "Ni cewa na yi ta tambaye ki ko akwai dabara. Hotunanmu duka suna ciki. Da bidiyon da ta yi wa yarinyar a asibiti, kwana biyu kafin ta rasu. Ina jira ta yi wayo in nuna mata. Muryar uwarta ke nan, babu wata!"

Ta zauna.

"Ka yi aiki da ita bayan an kai maka?"

"Na saka sakamakon aji uku. Sai da na gama na lura."

"Innalillahi... Kashe ta. Don Allah kar ka ƙara taɓa komai, duk abin da ka saka yana hawa kan na da ne."

Ya ajiye kwamfutar a teburin, ya juya ya fita.

Kafin azahar yayarsa ta bugo waya. Injiniya ta saka a kunne, amma har Baba yana ji daga bakin ƙofa.

"Kishi da wadda ke kabari? Tun ba ki shigo ba kin fara share ta? To a dakata da maganar auren nan. Auta ta ce ita ba ta ce ki goge komai ba!"

Baba ya ajiye abin walda, ya taso yana jan ƙafa.

"Uwata, tun farko na faɗa miki. Gidan da aka yi rashi, komai kika taɓa sai an ce kin yi laifi. Ni tsoro nake ji, ba ƙinsa nake yi ba." Ya goge goshi. "Amma da kunnena na ji abin da yarinyar nan ta ce jiya. Ya kwashe, tarkace ne. Zan je in faɗa a gaban kowa."

"Bari tukuna, Baba."

"In bari su ci mutuncinki?"

"Bari in fara nemo abin da na ɓatar."

Ta kwance kwamfutar, ta ciro ma'ajiyar, ta jona ta da tata, ta saka manhajar da ke tono abin da aka goge. Aikin ya nuna zai ɗauki kwana biyu, kuma ba a son wuta ta ɗauke. Baba bai san komai a kan manhaja ba, amma ya san janareto. Ya ja kujerarsa ya zauna kusa da shi da galan ɗin mai, duk wanda ya kawo rediyo sai ya ce masa ya dawo jibi.

"Ya kai nawa?" Haka yake leƙowa yana tambaya.

"Kashi goma sha biyu, Baba."

"Ɗazu ma sha biyu kika ce. Ko dai ta yi barci ne?"

A rana ta uku malamin ya dawo. Ya rame, rigarsa ko guga babu. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Baba.

"Baba ya je makaranta jiya ya same ni," ya ce mata. "Ya faɗa min abin da Auta ta ce. Na tsare ta, ta yi ta kuka, ta amsa. Ki yafe min, Injiniyata. Ba laifinki ba ne."

Da ta yi shiru, da shi ke nan.

Ta kalli hannuwanta.

"Akwai laifina, Malam."

"Wane iri?"

"Na ga sunan foldar. Na san ba tarkace ba ne. Ban taɓa goge wa mutum kaya ban kwafa ba, ko da ya rantse min. Ranar nan... na so maganar Auta ta zama gaskiya, sai na yarda da ita."

Baba ya runtse ido a bakin ƙofa.

Malamin ya matso kusa da teburin.

"Me ya sa kika faɗa min? Ai da ba zan taɓa sani ba."

"Ni zan sani. Kullum yarinyar ta tambayi uwarta, zan sani."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

Ya jawo benci ya zauna kamar wanda ya yi tafiyar yini a ƙasa.

"Ni ma na gaji," ya ce a hankali. "Shekara uku ban iya buɗe foldar nan ba, ban kuma iya kwafarta ba. Ina jin abin da dangina suke faɗa miki, ina yin shiru. Na bar ki ke kaɗai da shi." Ya ɗago ya dube ta. "Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba zan fasa ba, masoyiyata. Yaya kuma ni zan yi mata magana."

"Ko da bidiyon bai dawo ba?"

"Ko da bai dawo ba."

Ta juyo masa da fuskar kwamfutar. Fayiloli sun dawo babu sunaye, sai lambobi. Ta buɗe na farko: wata mata ce tana dariya, riƙe da jaririya. Ranar ce ta farko da Injiniya ta tsaya ta dube ta da kyau.

"Tana da kyau," ta ce.

"Ta iya faɗa kuma," ya ce, dariya da kuka suka haɗe masa.

An ɗaura auren a ranar da aka sa. Hotuna ɗari shida da wani abu sun dawo lafiya. Bidiyo tara aka samu, biyar sun buɗe, kuma na asibitin ba ya cikinsu. Sauran huɗun suna nan a durowarta, tana gwada su duk ranar da aiki ya yi sauƙi. Har yau babu wanda ya san ko muryar tana cikinsu.