Ƙasar Ciko

Ranar da abin ya fara, babu wanda ya kawo komai a ransa. Rana ta faɗi. Matar magini tana tsugune a tsakar gida tana wanke manyan tukwanen da take dafa wa leburori abinci. Mijinta yana bakin ƙofa yana kankare busasshen siminti daga cokalinsa na gini. Autarsu, budurwa 'yar shekara goma sha bakwai, tana kwashe shanya. Sai tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rufi. Ɗaya tak. Aka yi shiru. Sai wata ta biyo.

"Yaran maƙwabta ne," in ji magini, bai ko ɗaga kai ba.

Matar ta ci gaba da wankin tukwanenta. Da safe da ta share gida, ta ga irin tsakuwar wurin aikinsu ce, mai kaifi, wadda inji ke fasawa.

Shekara biyu magini ya yi a zaune ba aiki, har wani kamfani ya sayi filin bayan unguwa ya fara gina gidaje. Daga nan unguwa ta farfaɗo. Kafinta, mai walda, mai fenti, masu jan ruwa, kowa ya samu abin yi. Ita ma ta kafa rumfar abinci, Auta na taya ta. Duk uwar da ta taɓa ɗora tukunyar ruwa a wuta don yara su ɗauka girki ake yi, ba ta wasa da irin wannan samu.

Shekara talatin magini yana yi wa mutane gini, shi kuwa ɗaki ɗaya gare su, an raba da labule. Don haka ya riƙa roƙon foman na kamfanin fasassun bulo, ya tayar wa Auta ɗaki a kusurwar gida. Ƙasar ciko kuma ya kwaso ta da baro daga bakin wata tsohuwar rijiya da katafila ta baje a filin. Ɗaki ya yi kyau, saura ƙyaure kawai.

Kullum magariba sai jifa. A kwana na huɗu suka fara jin tari daga sabon ɗakin, irin na tsohuwa, da motsi kamar ana jan tabarma. In an leƙa, ba kowa.

A kwana na shida Auta ta saki kayan shanya a ƙasa, ta miƙe tiryan-tiryan ta shige ɗakin. Uwar ta bi ta. Ta same ta kwance, kunnenta a kan daɓen siminti, tana karce shi da farce har jini.

"Auta, tashi mana. Ni ce, Innarki."

Yarinyar ta waiwayo. Idon nata ne, amma kallon ba nata ba ne.

Daga ranar ba ta ƙara cin abin kirki ba. An kai ta asibiti, an duba, ba a ga komai ba. Uwar takan zauna a bakin ƙofa riƙe da kwano, ta kira sunan 'yarta har muryarta ta dishe. Ƙarshe dai magini ya ɗauko wani dattijon malami mai ruƙiyya.

Malam ya zo da la'asar, ya zauna a ɗakin ya jira rana ta yi ja. Sannan ya fara karatu a hankali. Bai yi nisa ba Auta ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin ta tsofaffi.

"Ya isa, ɗan nan," in ji wata murya mai kaushi daga bakinta. "Ba kurma ba ce ni."

"Wace ce ke?" Malam ya tambaya.

"Maƙwabciyarku. Tun kakanka bai iya ɗaura wando ba nake gindin rijiyar nan."

"Me ya kawo ki gidan mutane?"

"Kawo ni aka yi. Baro tara. Tambayi mai cokali."

Magini ya durƙusa. "Wallahi ban sani ba, Iya. Ƙasa ce aka ce a zubar."

"Gidana ne aka ce a zubar."

Malam ya ce, "Ki fita, ki koma inda kika fito."

"An zuba kankare, an ɗora bene. Har labule sun rataya."

"To ki nufi daji."

Muryar ta yi dariya har da tari. "Wane daji? Har bakin rafi an auna, an kafa turaku. Ɗanka na fari ne ya riƙe musu igiyar awo, Malam. Ko bai kawo maka cefane ba?"

Malam ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗaga murya da karatu. Jikin Auta ya shiga karkarwa, tana buga ƙeya a bango. Uwar ta rarrafo ta tare kan da hannuwanta.

"Malam, don Allah sassauta. Jikin 'yata ne."

"Ka ji mai hankali," in ji muryar, tana haki. "Ko ƙona ni za ka yi, ba inda zan je. Zaɓi biyu na ba ku. Ko ya ajiye cokali, kada ya ƙara ɗora bulo a filin nan, shi ma ya ɗanɗani rashi, ni kuma in bi iska. Ko ku bar mini ɗakin nan."

Magini ya buɗe baki zai yi magana. Matarsa ta san abin da zai ce: zai ajiye cokali. Ta tuna shekaru biyun nan, ta tuna tukunyar ruwa a kan wuta.

"Ɗauki ɗakin," ta ce, ba ta dubi mijinta ba.

Malam ya sa mai muryar ta yi rantsuwa: ba jifa, ba taɓa yarinya har abada. Ta rantse.

"Amma bakina kawai na ɗaure," ta ce. "Ƙannena suna hayin rafi, su da 'ya'yansu. Ran da katafila ta haye, gidana za su tambaya."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta. Can ta buɗe ido ta ce, "Inna, ƙishirwa nake ji."

Washegari magini ya kafa ƙyauren da kansa, ya sa kwaɗo ta waje. Auta ta koma bayan labule. Jifa ya tsaya. Sai dai in magariba ta yi, wani lokaci sukan ji tarin, sai kowa ya yi kamar bai ji ba.

Bayan mako biyu unguwa ta ɗauka da murna: kamfani zai haye rafi, aikin shekara uku. Magini ya dawo ya zauna a bakin ƙofa, bai taɓa abincinsa ba.

"Foman ya ce ni ne shugaban magina a can."

"Me ka ce masa?"

"Me zan ce? Na ce na gode."

Ta daɗe tana kallon tukwanenta. Leburori za su ninka, dole ta nemo ƙarin tukunya.

Kashegari da yamma ya shigo da baro, fasassun bulo huɗu a ciki. Ya auna gefen ɗakin da taku, ya sauke su a jikin bango. Ba ta tambaye shi na mene ne ba. Ta tashi ta janye igiyar shanya don ta ba shi wuri.