Bambar Motar Marigayi

A wani gari can, an yi wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata 'yar ƙaramar mota. Da ta fita takaba, sai ta fara koyon tuƙi. Ran nan ta zo shiga gida, ta daki bishiyar bakin ƙofa. Bambar gaba ta lotsa, fenti ya ƙurje.

Wan mijinta ya zo ya gani, ya riƙe haɓa. "Ai na faɗa! Gobe zan kawo mai saye, kafin ki mayar da motar ƙanena gwangwani."

"To, Yaya," in ji ta. Amma zuciyarta ba ta ce to ba.

Da ya tafi, ta ɗauko taɓarya za ta buga. Sai ta ƙwanƙwasa bambar, ta ji ashe roba ce, duka zai fasa ta. Ta ajiye taɓarya, ta ɗora ruwa a wuta.

Ta kwara wa bambar ruwan zafi don ta yi laushi, ta zura hannu ta ciki, ta tura. Shiru. Ta sake tafasawa, ta kwara, ta tura. Shiru. Hannunta ya yi ja, hawaye ya cika idonta, amma ta ƙara itace a murhu. Ta kwara, ta tura, sai ɓam! Bamba ta miƙe. Ta sheƙa mata ruwan randa, ta goge ƙurjewar da man goge baki da tsumma.

Da safe Yaya ya iso da mai saye. Ya duba, ya tsuguna, ya shafa.

"Kai! Ina wurin?"

"Na gyara, Yaya. Ba ta sayarwa ba ce. Ku shigo in sauke ku a gida."