Ƙyauren Malama Safiyatu

Lokacin da Sufeto Abdulkabir ya tsayar da babur ɗinsa, yara uku sun riga sun shige gonar dawa, ɗaya kuma yana rungume da ƙafar jakin maƙwabta. Wata mata tana bin su da gudu, goye da jariri, wani a kafaɗa.

Ita ce Malama Safiyatu, mai gidan rainon yara a wani ƙauye kusa da Dawakin Tofa. Yara goma sha ɗaya ake kawo mata kullum, na malaman makaranta da na mata masu aiki a fadamar Watari.

"Yallaɓai, an sace min ƙyaure!"

"Na ga alama. Nawa zai yi?"

"Ba kuɗinsa ba ne. Rasit ɗina ne."

Sai da aka tare zauren da turmi da tabarma sannan ta yi bayani. A ofishin haraji an ce mata kuɗin ruwa da itace da lantarkin da ta kashe a kan yaran raino za a cire kafin a yanka mata haraji, in dai da shaida. Mai ruwa ba ya ba da rasit. Don haka duk jarkar da ya sauke sai ya ja layi da alli a bayan ƙyauren: dama na yara, hagu na gida.

"Shekara guda cur, Yallaɓai. Yau da azahar jami'in haraji zai zo. In babu shaida, a kan duk abin da na samu za a yanka min. Sai dai in rufe."

Sufeto ya durƙusa a bakin ƙofa. Ba a fasa komai ba. A gefe ga gwangwanin madara, cikinsa ƙusoshi takwas, kowace an miƙar da ita tsaf.

"Ɓarawo mai tattali," ya ce. "Maigidan fa?"

Malam Usaini ya fito yana gyara hula.

"Tun asuba ina Watari wajen tumatir. Yanzu na dawo na tarar da wannan musiba."

Sufeto ya dubi takalmansa. Ko ɗigon taɓo babu.

"Wa kake zargi?"

"Fatihu mai ruwa. Mutumin nan idonsa bai kwanta min ba."

A bakin famfo Sufeto ya sami Fatihu yana lodin jarkoki a kura.

"Jarka nawa kake kai wa yaran Malama?"

"Takwas."

"Kullum?"

"Wallahi... to, sha huɗu."

"Takwas ko sha huɗu?"

Fatihu ya share gumi. "Takwas nake shigarwa gida. Shida kuma, wata huɗu ke nan, Malam ya ce in riƙa zagayawa da su kangon baya, in ja layinsu a dama. Ya ce wani yaro ne aka kawo, mai kunyar mutane."

"Yaro mai shan jarka shida?"

"Ni ma na ce Allah ya raya."

Kangon yana bayan katangar gidan. A tsakiyarsa wani jibgegen bijimi yana tuƙa a inuwa, fatarsa sai sheƙi. Malam Usaini ya biyo su da sauri, Safiyatu na bayansa.

"Na kiwo ne," ya ce. "Daga kududdufi nake ɗebo masa ruwa da hannuna."

"Rumfar nan fa?"

"Ta daɗe."

"Rumfa mai sakata?"

Sufeto ya shiga ƙarƙashinta ya ɗaga kai. Layukan alli ne reras, daga wannan gefe zuwa wancan.

Safiyatu ta dafe ƙirji. "Malam! Kai ne fa kake ƙirga min duk Juma'a in biya! Na yi ta yi wa iyayen yaran nan faɗa, wai 'ya'yansu sun cika ɓata wando!"

Malam Usaini ya zauna a kan bokiti.

"Yallaɓai, da jami'in ya raba sha huɗu da yara sha ɗaya a gabanta, na kaɗe. Cewa na yi in ɓoye shi zuwa la'asar. Kuma a gaskiya shi ma rainonsa ake yi."

"Ba a fom ɗina ba!" in ji Safiyatu.

Sufeto ya sa Fatihu ya kewaye layukan bijimin da gawayi, ya rubuta bayani ya sa hannu. Aka jingina ƙyauren a zaure.

"Malam, mu je caji ofis. Malama, za ki yafe?"

"In ya sayar da ɗan nasa ya biya ni."

Suna fitowa jami'in harajin ya sauka daga mota da jaka a hammata. Ya karanta bayanin Sufeto, ya ƙirga layukan, ya gyaɗa kai.

"Shaida ta yi, Hajiya, za a cire miki. Sai dai ba ma karɓar hoto. Asalin rasit ake haɗawa da fom a kai Kano."

Ya zaro 'yar na'urar maƙala takardu, ya tsaya yana kallon ƙyauren.