Saƙon da Bai Riga Ya Iso Ba

Hadassah ta koma ofis da magariba don ta ƙarasa gwajin aikinta. Ofishin yana saman wani tsohon bene a Nasarawa, kusa da kogi, ɗaki ɗaya, tebur huɗu. Kowa ya tashi.

Manhajar imel suke ginawa, ita kuma aka ba ta sashen kwanan wata. Da, kowane shafi da yadda yake rubuta lokaci. Sai ta tattara komai a kod guda, wato rubutaccen umarnin kwamfuta, wanda kowane shafi zai riƙa kira: idan saƙo sabo ne ya ce "yanzu", idan ya ɗan jima ya ce "minti biyar da suka wuce", in ya kwana ya ce "jiya". Oganta Albert ya ce da safe za a miƙa wa masu aikin.

Ta aika wa kanta saƙon gwaji uku. Duk suka fito daidai. A ƙasa tela yana rufe shago, ƙarar kwaɗonsa ta hau har sama.

Sai na huɗu ya shigo, ba sunan mai aikowa. A gefensa an rubuta: "nan da minti goma".

Ta binciki kod ɗin layi-layi. Babu "nan da" a ko'ina. Ta buɗe saƙon.

"Na fito daga kogi."

Ta kira Albert, murya ƙasa-ƙasa.

"Oga, kai ka taɓa kod ɗina?"

"Ni? Ina coci, muna koyon waƙa. Wani abu ya lalace?"

"Yana nuna lokacin da bai zo ba."

"Agogon sabar ne kawai, babbar kwamfutar da ke raba saƙonni. Ki tafi gida, Hadassah."

Ta ajiye wayar. Allon wayar ma ya yi haske, tunda kod ɗaya ne yake aiki a can. "Nan da minti shida."

Sabon saƙon ya ce: "Na wuce mai gasa masara."

Mai masarar tana bakin layinsu. Hadassah ta leƙa ta taga. Gawayin yana ja, matar tana fifita. Ba kowa kusa da ita, amma karen da ke kwance a gefenta ya miƙe, ya maƙale jela, ya ja baya yana ba wani abu hanya.

"Nan da minti biyu. Ina hawowa."

Wari ya fara shigowa. Warin laka, da ruɓaɓɓiyar ciyawar bakin ruwa.

Taku a matakala. Jiƙaƙƙe. Ɗaya, sai shiru. Ɗaya.

Ta murza makulli, ta jingina kujera da ƙofar. Ta fizge wayar wutar kwamfutar. Allon bai mutu ba.

"Jinin Yesu," ta faɗa cikin raɗa.

Ruwa ya gangaro ta ƙarƙashin ƙofa, baƙi, mai sanyi. Ya taɓa yatsun ƙafarta.

"Yanzu."

Hannun ƙofar ya sauka a hankali.

Ba ta juya ba. Ta ture tagar baya, ta faɗa kan kwanon shagon tela, ta gangara zuwa ƙasa. Ta ji ƙashin idon sawunta ya ce ƙas. Da rarrafe ta kai wurin mai masara, matar ta rungume ta tana ihun neman taimako.

Da safe Albert ya tarar da ƙofar a kulle ta ciki. Da aka ɓalle ta, laka ce shimfiɗe har kan kujerar Hadassah.

Daga gadon asibiti ta faɗa masa layin da zai ƙara a kod ɗin: duk saƙon da lokacinsa bai yi ba, a ɓoye shi, kada kowa ya gani. Haka aka miƙa aikin.

Har yau tana ɗingishi, kuma ta koma gidan yayarta a Unguwar Boro, nesa da ruwa. Bayan wata uku Albert ya zo duba ta. Ya zauna, ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa.

"Na leƙa inda ake ɓoye saƙonnin nan," ya ce. "Guda ɗaya ne a ciki, da sunanki. An rubuta nan da..."

Ta toshe masa baki da tafin hannunta.